Inda Na Kai a Koyon Musanya Tokin a Walat ɗin Waya

Assalamu alaikum abokan koyon kirifto, musamman na nan Gombe da muke zama bayan la'asar. Na yi alkawarin zan riƙa rubuta inda na kai, to ga na wannan karon. Maganar suwaf ce, wato ka ba da wani tokin ka karɓi wani a cikin walat ɗinka (manhajar ajiyar kirifto ta waya), ba tare da ka bi ta kasuwar wani kamfani ba.

Yawancinmu ta ƙofar mayinin, wato tara tokin kyauta ta hanyar danna waya, muka shigo harkar nan. Notcoin ta fashe a watan Mayun 2024, gari ya ɗauki dangwalen waya, Hamster Kombat ta biyo baya a Satumbar shekarar, Pi kuma ta buɗe ranar 20 ga Fabrairun 2025. Duk wannan ya koya mana danna allo da haƙurin jira, amma bai koya mana abin yi idan tokin ya shigo hannu ba. Sai ka ga mutum da ɗan abin da ya samu a walat, ya rasa yadda zai mai da shi USDT, tokin nan da darajarsa ke bin dalar Amurka, ya miƙa wayarsa ga wani ɗan baiwa ya yi masa. Miƙa wayar nan ce nake so mu daina.

Na fara da buɗe sabuwar walat ta gwaji a Trust Wallet, daban da wadda nake ajiya. Kalmomi 12 na sirri, waɗanda su ne makullin walat ɗin, na rubuta su da biro a takarda, ban ɗauke su hoto ba, domin hoto yana iya bin bayan sauran hotuna ya tafi intanet. Na zuba kuɗin da ko sun salwanta ba za su hana ni barci ba. Netwok kuwa BNB Smart Chain na zaɓa, saboda kuɗin gas ɗinsa, wato ladan aikin da ake biya a kowane ciniki, bai taka kara ya karya ba, mutum zai iya maimaita gwaji ba tare da aljihu ya ji ba.

Gas ne darasin farko, kuma shi ya fi kama mutane. Kowane netwok da koyin ɗinsa ake biyansa ladan aiki: BNB a kan BNB Smart Chain, ETH a kan Ethereum, TRX a kan Tron, SOL a kan Solana, TON a kan TON. Ba a biya da USDT a tsarin da aka saba, komai yawansa. Kwanaki a shagon mai caji a Jekadafari wani yaro ya nuna mini wayarsa, ya ce, "Yaya, duba mini, kuɗina sun maƙale." USDT ne a kan Tron, adireshinsa ya fara da T, amma layin TRX sifili ne. Babu abin da ya maƙale. Aka tura masa ɗan TRX, nan take kuɗin suka motsa. Saboda haka duk ranar da za ku sayar da BNB ko TON, kada ku danna maɓallin nan na kwashe duka. Ku bar ɗan canji, da shi za ku fita gobe.

Sai maganar izini. Da na musanya BNB zuwa USDT, sa hannu ɗaya aka nema. Da na juyo zan mai da USDT ɗin BNB, sai aka nemi biyu, kowanne da gas ɗinsa. Na farkon shi ne wanda aka rubuta Approve a kansa, kuma ba musanya ba ne. Izini ne kake bai wa kwantiragin kasuwar, wato manhajar da ke gudanar da cinikin a kan netwok, ya ɗebi tokin daga walat ɗinka. Koyin na asalin netwok ba ya buƙatar wannan, tokin da aka gina a kansa ne ke buƙata. Abin lura shi ne sau da yawa izinin da ake nema ba shi da iyaka, kuma ba ya mutuwa don ka gama ciniki. Yana nan har sai ka soke shi. Idan shafin da ka bai wa izinin na ɓarayi ne, ba sa buƙatar kalmominka 12, kai ka buɗe musu da hannunka. Yanzu idan manhajar ta ba ni dama nakan rubuta adadin da zan musanya kawai, kuma nakan leƙa revoke.cash lokaci lokaci in ga waɗanda ke riƙe da izinina. Sokewar ma da ɗan gas ɗinta.

Inda na fi daɗewa kuwa shi ne gane wanda nake ciniki da shi. A P2P, wato cinikin mutum da mutum, akwai mutum a ɗaya ɓangaren, kuna iya yin magana, kuna iya kai ƙara. A suwaf babu kowa. Akwai dai wani tafki na tokin iri biyu da mutane suka zuba don su riƙa cin kamasho, kuma lissafi ne ke yanke farashi. Ku ɗauka rumfa ce a Tudun Hatsi wadda mai ita ba ya nan, ya bar tarin masara da tarin gero, ya kuma bar doka: ka zuba masara ka ɗebi gero, amma duk yadda geron ke raguwa haka mudunsa ke ƙara tsada. Dokar da kasuwar suwaf ta Uniswap ta shahara da ita tun 2018, wadda takwararta PancakeSwap ta ɗauka, ita ce idan aka ninka yawan wannan tarin da yawan wancan, amsar ba za ta sauya ba.

Na zauna da kalkuleta na gwada. A ce tafkin na da USDT 10,000 da wani tokin 10,000, farashi ɗaya da ɗaya ke nan. Ka zuba USDT 100, za ka fita da tokin kusan 99. Ka zuba 1,000, ba 1,000 za ka samu ba, kusan 909 ne. Ka zuba 5,000, abin da zai fito 3,333 ne kacal, kuma wannan tun kafin a cire kamasho. Ba wanda ya cuce ka, girman cinikinka ne ya tura farashin sama. Wannan lissafin shi ya warware mini wata tambaya da ake yawan yi a majalisarmu: me ya sa walat ke nuna tokin ɗina ya kai dala 400, amma in na zo sayarwa sai a ce 60? Walat ta ninka yawan tokin ne da farashin ƙarshe kawai. Ba ta duba ko akwai USDT ɗin da zai biya ka a tafkin ba. Ni yanzu kafin in saya, zurfin tafkin nake fara dubawa a shafin DexScreener, farashi ya biyo baya.

Daga nan sai silifej, wato iyakar zamewar farashi da ka yarda da ita tsakanin lokacin da ka danna da lokacin da cinikin ya shiga. Allon tabbatarwa yana da layuka ƙanana a ƙasa waɗanda ido ke tsallakewa. Babbar lamba ta sama hasashe ce. Lambar da ke da alkawari ita ce ta layin mafi ƙarancin abin da za ka karɓa. Idan hasashen 99 ne kuma silifej ɗinka kashi 1 cikin 100, layin zai nuna 98.01, kuma in farashin ya zame ƙasa da haka cinikin zai fasa. Tokin ɗinka na nan, amma gas ya ƙone, ba ya dawowa. Wannan ƙonewar ce ke sa wasu su fusata su ɗaga silifej zuwa 15 ko 20, kuma a nan ake yi musu yankan baya. Akwai bot-bot masu sa ido kan cinikin da ke layi. In suka hango mai faɗin baki irin wannan, sai su riga shi saye, farashi ya hau, nasa ya shiga da tsada, su kuma su sayar a bayansa cikin ƙiftawar ido. Tsakanin BNB da USDT ban ga dalilin wuce 0.5 ba. Tokin da masu shi ke cewa sai ka sa 12 zai shiga, yawanci haraji suka ɗora masa a cikin kwantiragi, kuma ni a ganina wannan kaɗai ya isa mutum ya yi tunani sau biyu.

Gwajin da ya fi amfanata mai sauƙi ne, kuma ina so kowa ya yi shi: tafi da dawowa. Ka musanya ɗan BNB zuwa USDT, nan take ka mai da shi BNB, sannan ka kwatanta da abin da ka fara da shi. Abin da ya ragu shi ne ainihin tsadar hanyar. Tafkunan PancakeSwap V2 na cire 0.25 cikin 100, na Uniswap V2 na cire 0.3, walat ɗin MetaMask kuma tana da nata kamasho na 0.875 idan ka yi amfani da maɓallin musanya na cikin manhajarta. Sai gas a kan kowane mataki. A ciniki ɗaya ba a jin zafinsa. Mai tsalle daga wannan tokin zuwa wancan sau biyar a yini kuwa, kamasho zai cinye shi ko kasuwa ba ta motsa ba.

Bayan kowane ciniki nakan kwafi lambar shaidarsa in liƙa a BscScan, shafin da ke nuna cinikin da aka yi a kan BNB Smart Chain. Can za ka ga ko ya yi nasara, ka ga tokin nawa suka fita daga adireshinka, nawa suka shigo, da BNB nawa aka ci na gas. Amfaninsa ya fi fitowa ranar da netwok ɗin waya ya yi nauyi, walat tana ta juyawa ba ta nuna sabon lissafi ba. Kafin ka sake dannawa ka sayi abu sau biyu, duba can tukuna. Wani lokaci ma tokin ya shigo, walat ɗin ce ba ta san shi ba, sai ka ƙara shi da hannu ta adireshin kwantiraginsa.

Adireshin kwantiragin nan shi ne ainihin sunan tokin. Kowa zai iya ƙirƙirar tokin ya raɗa masa USDT, ya manna masa koren tambari. Na gaskiya a kan BNB Smart Chain adireshinsa ya fara da 0x55d3 ya ƙare da 7955, amma kada ku tsaya a kai da wutsiya, ku kwafo shi cikakke daga CoinGecko ko CoinMarketCap. Akwai kuma tokin mai ƙofar shiga babu ta fita: an rubuta kwantiraginsa yadda za a iya saye amma ba a iya sayarwa. Jadawalinsa kullum kore shar, abin sha'awa. In ka duba jerin ciniki ka ga saye kawai, ko adireshi ɗaya ko biyu ne ke iya sayarwa, ja da baya. Tokin da ya faɗo walat ɗinka haka kawai, sunansa ɗauke da adireshin wani shafi, kyale shi inda yake, ba kyauta ba ce.

Suwaf ba ya ba da naira, wannan wani mataki ne daban. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna taɓa harkar kirifto a Fabrairun 2021, ya janye a Disambar 2023, Binance kuma ta cire naira a Maris 2024, don haka kowa da hanyar P2P da yake bi. In za ka tura USDT can, netwok ɗin da ka zaɓa wajen turawa ya zama shi ne na wajen karɓa, kuma idan TON ne ka duba ko sun ba ka memo, wato lambar da ake haɗawa da adireshi don su gane kuɗinka ne. Batun halasci kuwa malamai sun saɓa, kowa ya koma ga malaminsa, ni aikin maɓallan nake rubutawa.

Abin da ke gabana yanzu shi ne ƙetare netwok, wato ɗauko USDT daga BNB Smart Chain zuwa Tron ko TON ta hanyar gada. Can matakan sun fi yawa, jira ya fi tsawo, kuma sai kana da gas a ɓangarorin biyu. Kafin nan, zaman Asabar a Pantami na tafi da dawowa ne. Kowa ya zo da walat ta gwaji, BNB na kamar dala 2, takarda da biro, da waya cike da caji.