Jiya a fadamarmu ta wajen Nguru

Wallahi har yanzu bayana bai dawo daidai ba. Jiya na leƙa gida, ko ruwa ban gama sha ba Baba ya ce ɗauko bokiti mu je fadama. Ashe wani kududdufi ne ke ƙafewa, 'ya'yan tarwaɗa da ƙarfasa sun cunkushe a ɗan ruwan da ya rage suna ta mutsu-mutsu cikin laka, haka muka dinga kwasa muna juyewa a babban tafki, sahu nawa ma na daina ƙirgawa.

Abin da ya ƙona min rai, tafkin nan sarkin ruwa ya hana kamun kifi a cikinsa sai ranar buɗewa, amma ga guntun gidan sauro maƙale a ciyawa, wasu sun shiga da dare. Gidan sauro fa jama'a! Ko ɗan kifin da bai kai farce ba ba ya tsira. Baba kai kawai ya girgiza.

Sai kuma kachala, doguwar ciyawar nan mai fitowa a cikin ruwa. Tun da aka yi dam ɗin Tiga a 1974 ruwa ya daina zuwa ya janye a kan lokacinsa, ita kuwa haka take so, ta toshe hanyar ruwa ta Marma, kwale-kwale da ƙyar yake ratsawa, tsuntsayen jan baki su kwana a ciki da safe su faɗa wa shinkafa. Samarin garinmu na ta aikin gayya da adda, a ƙarƙashin ruwa suke saranta don ta ruɓe. Na shiga na taya su, matsattsaku biyu suka kama ni a ƙwauri, na fito ba shiri suna ta min dariya.