Shekara tara da maikurowef ɗin da ke rataye bisa murhu

Ranar da maikurowef ɗinmu ya ɗauke gaba ɗaya, ban yi masa komai ba illa buɗe ƙofa. Uwargida ta sa abinci tana ɗumamawa, na zo wucewa na ga yana neman zubewa, sai na fizgi ƙofar yana cikin aiki, kamar yadda na saba yi kullum. Na ji ƙas. Agogon gabansa ya mutu, fitila ta mutu, fanka ta yi tsit. Ta dube ni, na dube ta. A lokacin yana cikin shekararsa ta shida a kicin ɗinmu.

Irin wanda ake kafewa a bango ne, a saman murhu, ƙarƙashin kabad. Faɗinsa inci 30, kusan santimita 76 ke nan, daidai da faɗin murhun da ke ƙasansa. Ƙarancin wuri ne ya sa muka zaɓe shi, don kicin ɗin ɗan tsukuku ne, in aka ajiye na'ura a kan kanta babu sauran inda za a yi yanke-yanke. Aiki uku yake yi: yana ɗumama abinci, yana da fanka mai zuƙe hayaƙi da tururin girki, sannan akwai fitila a gindinsa mai haska tukwane. Ni kuwa aikin farko kaɗai na sa a raina. Yawancin wahalar da na sha da shi daga nan ta samo asali, domin maikurowef ɗin da ke kan tebur yana zamansa lafiya a gefe, shi kuwa wannan duk abin da ya tashi daga tukunya, zafi ne, tururi ne, maiƙo ne, a cikinsa yake ƙarewa.

Wajen shekara biyu ban san akwai abin wankewa a ƙasansa ba. Sai fanka ta fara ƙara ba aiki, tururi na kwanciya a gilashin taga ko da an kunna ta har ƙarshe. Na leƙa ƙasa na ga ragar ƙarfe guda biyu, kowace da ɗan mariƙi. Da na zare su sai da na ji kunyar kaina: sun yi baƙi ƙirin, maiƙo ya toshe ramukan, ko haske ba ya ratsawa. Na jiƙa su a ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, na goge da buroshi, na bari suka bushe sosai kafin na mayar. Tun daga ranar duk wata nake yi. Ba tsafta kaɗai ba ce. Raga mai cike da maiƙo a saman wuta abin tsoro ce, in harshen wuta ya tashi daga kasko ita zai fara lasa.

Daga baya na gano bayan ragar nan biyu akwai wata matatar iska ta uku. Na ɗora hannu a saman ƙofar, wajen ramukan iska, na ji iskar tana fitowa ta dawo cikin kicin. Ashe namu ba ya fitar da hayaƙi waje, tacewa yake yi ya maido. Irin wannan tsarin yana da matatar gawayi a bayan murfin ramukan nan na sama, sukurori biyu ne ke riƙe da murfin. Ita ba a wanke ta, canja ta ake yi, tsakanin wata shida zuwa shekara gwargwadon yawan girkin gida. Tana rage wari, amma ba ta ɗauke zafi ko danshi. Na ɗauka haka Allah ya yi gidan, babu bututu, na haƙura.

Wani abu da na lura da shi da kaina: jikinsa bai kai tsawon murhun ba. Idanun wutar baya suna ƙarƙashinsa sosai, na gaba kuwa rabinsu a waje suke, hayaƙinsu yakan bi ta gaban ƙofa ya wuce sama, yana shafar maɓallan a hanya. Sai muka mayar da suya da duk wani girki mai hayaƙi idanun baya, kuma a kunna fanka kafin a ɗora kasko, ba sai ido ya fara yaji ba. Gaskiyar magana, mai girki mai nauyi kullum gara ya sa mazuƙar hayaƙi ta ainihi, ya nema wa maikurowef wani wuri. Wannan na masu ƙaramin wuri ne.

Akwai ranar da fankar ta kunna kanta. An ɗora manyan tukwane biyu, ba wanda ya taɓa komai, sai ga ta tana gudu, na danna maɓallin kashewa ta ƙi. Har na fara tunanin kiran mai gyara, sai uwargida ta ɗauko takardar bayanin da ta zo da shi, wadda ni ban taɓa buɗewa ba. A rubuce yake: in zafin murhu ya yi yawa, fanka za ta tashi da kanta don ta kare kayan ciki, ba kuma za ta tsaya ba sai ya huce. Lafiyarsa ƙalau. Haka ma ranar da maɓallai duk suka ƙi aiki, makullin yara ne wani ya danna bai sani ba.

Tartsatsin wuta ya fi ba ni tsoro. Babu cokali a ciki, babu kwanon ƙarfe, amma ana ganin walƙiya a gefe ɗaya tare da ƙauri. A bangon ciki akwai wani ɗan faifai mai kama da kwali mai sheƙi, shi ne ke rufe ƙofar da igiyoyin zafi ke shigowa, wato igiyoyi irin na rediyo da ido ba ya gani, masu ɗumama abincin. Fantsamar abinci ta manne masa, ta ƙone ta zama gawayi, gawayin ne ke jan tartsatsi. Na zare fulogi, na ciro faifan, na samo irinsa na maye. Wannan gyara ne da kowa zai iya, don ba a buɗe jikin na'urar. Da na bar shi da ya ci fentin bangon, ƙila ma ya kai ga abin da ke bayansa. Yanzu ba a ɗumama komai a buɗe a gidanmu. In ciki ya yi datti, kofin ruwa nake tafasawa a ciki na ɗan minti, tururin ya jiƙa dattin, na share da tsumma.

To, mu koma ranar da ya ɗauke. Na fara da abin da ya fi sauƙi. Fuloginsa yana cikin kabad ɗin sama, na hau kujera na zare shi, na jona cajar waya a soket ɗin, ta kama. Wuta na nan ke nan, matsalar a ciki take. Na ɗauko sukudireba. Uwargida ta ce, "Maigida, don Allah ka bari a kira wanda ya sani." Na ji haushi, amma na ajiye.

Mai gyaran dattijo ne mai sanyin hali. Ya tambaye ni abin da ya faru, na faɗa masa, ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, kana yawan buɗe shi yana aiki ko?" Ya cire allon maɓallai ya nuna mini ƙananan makunnai uku a bayan inda ƙugiyoyin ƙofa ke shiga. Aikinsu su tabbatar na'urar ba ta fitar da igiyoyi ƙofa a buɗe. Biyu suna yanke wuta in an buɗe, na ukun mai gadi ne: in waɗancan suka gaza yankewa, shi sai ya ƙona fis da gangan don komai ya tsaya. Abin da ya faru ke nan. Fizgar ƙofa ana cikin aiki da bugo ta da ƙarfi sun cinye ɗaya daga cikinsu. Ya ce da na sa sabon fis kawai, da ya sake ƙonewa a buɗewa ta gaba.

Kafin ya sa hannu ciki sai da ya sauke wutar da ke cikin wani gwangwanin ƙarfe da ya kira kafasita. Ya ce, "Wannan ne nake so ka ji tsoro. Ka zare fulogi, amma shi yana iya riƙe da wuta." Sashen da ke ciyar da maganetiron, wato abin da ke samar da igiyoyin, yana aiki da dubban bolt, kuma irin wannan wutar kisa take yi. Daga ranar na ja wa kaina layi. Raga, matatar gawayi, ƙwan fitila, faifan bango, farantin gilashi da zoben tayoyin da yake hawa, duk nawa ne. Duk abin da sai an kwance jiki, ba nawa ba ne. Na kuma koyi danna maɓallin tsayawa kafin in buɗe ƙofa.

Shi maganetiron ɗin shi ne zuciyar na'urar. Asalinsa kayan radar ne, sai a 1945 wani injiniyan kamfanin Raytheon a Amurka, Percy Spencer, ya gano yana iya dafa abinci. Yana fitar da igiyoyi a megahaz 2,450, tsawon kowace kusan santimita 12, shi ya sa ba sa iya ratsa ƙananan ramukan ragar da ke gilashin ƙofa, alhali kai kana ganin ciki. Ba ya son a kunna shi babu komai a ciki, don igiyoyin in ba su sami abin da zai shanye su ba kansa suke komawa. Kuma yana tsufa.

Namu ya fara nuna tsufa a shekara ta tara. Abin da ke ɗumi a minti biyu ya koma sai uku. Don kada in yi masa ƙazafi, na gwada shi: litar ruwa ɗaya a kwanon gilashi, na auna zafinsa, na kunna minti ɗaya a cikakken ƙarfi, na juya ruwan na sake aunawa. A lissafi, na'ura mai wat 1,000 za ta ɗaga zafin lita ɗaya da kusan digiri 14 a minti guda. Namu ko rabin haka da ƙyar ya kai. Bayan 'yan watanni ya fara wani gurnani mai kauri, faranti na juyawa, fitila na ci, agogo na ƙirga, abinci kuwa ya fito da sanyinsa. Dattijon ya ce alamar sashen babbar wuta ce, ko wani ɗan ƙaramin kayan lantarki da ake kira diyod, ko kafasita, ko maganetiron kansa. In diyod ce abin da sauƙi, in maganetiron ne kuwa, ga na'urar da ta doshi shekara goma, wadda dama kusan nan ne irinsu ke kaiwa, bai ga amfanin zuba kuɗi ba. Ya duba, maganetiron ne. Na yarda da shawararsa. Da a shekara ta uku ne da na gyara, musamman da yake wasu kamfanoni kan ba maganetiron garanti mai tsawo fiye da sauran kayan.

Sauke shi aikin mutum biyu ne, kada wanda ya yaudari kansa. Yana zaune ne a kan wani farantin ƙarfe da aka ɗaure a bango, manyan sukurori kuma suna riƙe da shi ta cikin kabad ɗin sama. In aka kwance su gaban ne ke sunkuyowa, dole wani ya tallafe. Mun shimfiɗa bargo a kan murhu, na riƙe, dattijon ya kwance. Sabon ya zo da nasa farantin da takardar awon inda za a huda, ramukan tsohon ba su dace ba, sai da aka huda sababbi.

Da muka cire tsohon farantin sai ga rami mai kusurwa huɗu a bango, bututu ne da ya fita har waje. Na tsaya ina kallonsa. Dattijon ya juya tsohuwar na'urar ya nuna mini mazaunin fankar a samanta: ana iya ciro ta a juya bakinta sama, ko baya, ko gaba, gwargwadon inda ake so iska ta bi. Wanda ya kafa mana ita tun farko, ranar ba na gida, ya bar bakin yana kallon gaba, bututun na nan a bayanta shekara tara ba a taɓa amfani da shi ba. Muka juya fankar sabon ta kalli baya, muka sa ɗan marfin da ke hana iskar waje shigowa, muka ɗaga shi muka ɗaure. Ya kunna fanka ya ce in zagaya in duba. Na fita bayan gida na ɗaga hannu a bakin bututun, iska na bugun tafina, tana fito da ƙura da yanar gizo-gizo.