Kore Biyu a Kwalin Ajwa

Ƙaramar maɗaba'a nake da ita a Jidda, ni da yara uku. Yawancin aikinmu kwalayen dabino ne da na turare, sai katin biki jefi-jefi. In Hajji ya matso kuwa, barci sai dai a sata.

Aikin da ya fi koya mini hankali na wani dattijo ne mai sayar da ajwa a Makka. Kore mai duhu yake so. Murfin kwalin muka buga da tawadar da muka dama da kanmu, takardar da ake mannawa a gefe kuma muka fitar da ita da tawada huɗun nan na inji, wato shuɗi da ja da rawaya da baƙi. A teburina sun zo iri ɗaya sak. Bayan kwana biyu sai ga waya.

"Ɗana, kore biyu ka yi mini?"

"Wallahi Baba ɗaya ne."

"To zo ka gani da idonka."

Na je. Murfi na nan kore shar, gefe kuwa ya koma kamar ganyen da ya fara bushewa. Na ɗaga kai, ashe fitilun shagonsa masu jan haske ne. Na fita da kwalin bakin titi, sai ga su sun sake haɗuwa. Tawada biyu da aka haɗa da sinadarai daban suna iya dacewa a wani haske su saɓa a wani, domin kowacce da irin hasken da take sha da wanda take maidowa ido. Ni na biya kuɗin sake bugun, kuma ban ga laifinsa ba.

Tun daga nan na daina yarda da idona shi kaɗai. Na sayi na'urar awon launi, 'yar ƙarama da ake ɗorawa a kan takarda. Kafin in zuba komai a inji, sai in auna ɗan gwaji, kwamfuta ta lissafa yadda zai fito a hasken D50, wato farin haske irin na rana mai Kelvin 5000 (ma'aunin launin haske) da masu ɗab'i suka amince a riƙa duba aiki da shi, sannan a hasken tsohon ƙwan fitila mai kusan Kelvin 2856, sannan a doguwar fitilar kantuna. In tazarar da ke tsakaninsa da launin da ake so ta yi yawa a ɗaya daga ciki, sai in canza haɗin tun a allo, in rage rawaya ko in sauya shuɗin, ban ɓata ko cokali ɗaya ba.

Takarda ma da nata halin. Farar nan ƙal ana sa mata sinadarin da ke ƙara mata shuɗi a rana, a cikin ɗaki kuma ya lafa. Wannan kam lissafin allo yakan yi kuskure a kai, shi ya sa har yanzu sai na buga guda ɗaya na gaske.

Yarana suna mini dariya, wai kafin in tambayi mutum kwali nawa yake so, sai na tambaye shi wace irin fitila ce a shagonsa. Dattijon nan kuwa da ya dawo bara, ƙwan fitilarsa ya kwance ya zo mini da shi a leda.