Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Giwan Ruwan Laka

Makon jiya na tsaya a inda guguwar UPE, shirin karatun firamare kyauta ga kowa, ta kwashe mu a 1976 aka zuba mu firamare. Na yi alkawarin yau zan kai ku sakandare, amma ku yi haƙuri, akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Laraba.

Jikata ce ta dawo makaranta ta ce an ce kowa ya kawo kuɗin aikin hannu, ko sabulun wanki. Kuɗin aikin hannu! Na ce to, ina hannun? Nan take na ga kakana Baba Tsoho, Allah Ya jiƙansa, zaune a zaure yana saƙar homa, ragar kamun kifi, zare saƙale a babban yatsan ƙafa, yana cewa, "Hannu ma na da karatu nai."

Muna aji huɗu aka ce a kawo aikin hannu na ƙarshen zango. Masu igiyar kaba suka yi, masu tsintsiya suka yi, 'yan mata suka ɗinka faifai. Ni kuwa na gangara bakin kogin Matan Fada na ɗebo laka. Kwana shida ina gina giwan ruwa. Ɓawon jikinsa da bakin cokalin Inna na riƙa dannawa ɗaya bayan ɗaya, sai da ta nemi cokalin ta rasa. Baba Tsoho ya ce in cuɗa lakar da ƙaiƙayi, in shanya a inuwa kada ta tsage. Da na gama ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Jika, wanga kihi ba shi iya juyawa cikin ruwa, wutsiya ta yi gajarta." Na ɓalle ta na sake, ina hawaye.

Malam ko taɓawa bai yi ba. "Wa ya aike ka wasan laka? Kuma abu mai rai?" Ya ba ni uku bisa goma, ya ce in fitar masa da ƙazanta daga aji. Wanda ya ci tara, tsintsiya biyu ya sayo a kasuwa da sule biyun ubansa, kuma duk mun san gidan da tsintsiyoyin suka kwana. Yana nan da rai, muna gaisawa a masallaci. Ban taɓa tuna masa ba, amma ban manta ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne a Argungu aka yi wannan. Garin da tun 1934 ake taruwa kallon bikin kamun kifi, baƙi daga Turai suna ɗaukar hoton homa da gora, har UNESCO ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016. Gidan tarihin Kanta na nan tsakiyar gari, da ƙafa ake zuwa, amma shekara shida ba malamin da ya jera mu ya kai mu. Mun dai haddace sunan kogin Nilu.

Da na kai kifin gida ina kuka, Baba Tsoho bai zagi kowa ba. Ya ɗora shi kan rumbu, ya maimaita maganar nan tasa. Damina ta zo ta narkar da shi.

Daga nan ban sake taɓa laka ba. Na yi akawu a Sakkwato, aka ba mu jiha a 1991 na dawo Birnin Kebbi, na yi ta cike takardu har ritaya. A gidanmu yau babu mai iya saƙa homa, har ni da na zauna kusa da shi. Wannan laifin ba na malam ba ne.

Jiya na kai yarinyar fadama muka ɗebo laka. Ta gina 'yar tukunya, bakinta ya karkace, na hana kaina gyarawa. Litinin za ta kai makaranta. Uwarta dai ta ce za ta jefa mata sabulun a jaka, don gudun bulala.