Robar madigadi ga a-kori-kura mai jan tirela: abin da aiki ya koya mana

Duk mai a-kori-kura da ke jan ƙaramar tirela, ko ta dakon buhuna daga Dawanau, ko mai ɗauke da janareta ko tankin ruwa, ya tsaya ya duba gabanta bayan damina ɗaya. Zai tarar fenti ya farfashe ɗigo-ɗigo kamar zanen zanzana, tsatsa ta fara kama wuraren, wayar fitila ta gwigwiye, wani lokaci fulogin ma ya tsage. Aikin tayoyin baya na motar ne. Su ke tsinto tsakuwa a hanyar burji ko inda ake gyaran titi, su harba ta baya, tirela kuma tana nan tsaye a saitinsu. Idan gaban tirelar a miƙe yake, dutsen kan dawo ya sami gilashin bayan motar, kuma mutane da yawa sun biya kuɗin gilashi ba su san daga ina jifan ya zo ba.

Guntuwar robar da ke zuwa da mota daga kamfani an yi ta ne don kare jikin motar kanta. Ba ta isa ta kare abin da ke biye a baya ba, musamman idan an sa tayoyi masu manyan haƙora, domin ramukansu na riƙe tsakuwa su sake ta in gudu ya yi gudu.

Babban darasi a wannan aiki shi ne tsayin robar daga ƙasa, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Ana zuwa wajen mai walda da mota fayau, a auna, a yanka, a ɗaure, kowa ya ce ta yi. Sai a ɗaura tirela. Kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela yana sauka a kan ƙugiyar ja ne, wato tirela mai kilo 1,000 tana danna bayan motar da kimanin kilo 100, ban da kayan da ke cikin bodi. Bayan mota ya zauna, robar da ke da tazara ɗazu yanzu tana sharar ƙasa. Robar da ke jan ƙasa kuwa ita da kanta take tayar da tsakuwa da ƙura, ta zama wani sabon maharbi. Ga kuma ribas: ana komawa da baya a hau kwalbatin ƙofar gida ko bakin lambatu, sai robar ta shiga tsakanin taya da siminti, taya ta take ta, ta fizge ta har da ƙarfen da ke riƙe da ita. Don haka a auna da tirela a ɗaure, da lodinta na yau da kullum, a kan ƙasa mai lebur. Tazarar da muke so tsakanin bakin roba da ƙasa ita ce santimita 8 zuwa 10. Wanda hanyarsa ke da ramuka da tudun rage gudu ya tsaya a kan 10 ko ya ɗan ɗara.

Akwai gwaji mai sauƙi da igiya. A danne bakinta a inda taya ta taɓa ƙasa ta baya, a ja ta ta gogi ƙasan robar, a miƙa ta har jikin tirela. Duk abin da ke ƙasa da igiyar, tsakuwa za ta iya samunsa. Lissafin a fili yake: roba mai tazarar santimita 10 da ke nesa da taya da santimita 50 tana barin dutse ya kai tsayin santimita 40 a nisan mita 2 daga tayar. Idan aka mayar da ita mita 1 daga taya, a wannan tazarar dai, dutsen ba zai wuce santimita 20 ba. Wannan ne ya sa robar da ake ratayawa a sandar ƙarfe kusa da ƙugiyar ja ta fi ta bayan taya kare tirela. Mai jan tirela kullum ya haɗa biyun. Ta kusa da ƙugiya kuma gara a yi ta irin wadda ake cirewa, a ajiye ta ranar da babu ja.

Faɗi ba shi da wuyar sha'ani. Lambar farko a jikin taya ita ce faɗinta da milimita. Taya mai lamba 265/65R17, irin wadda ake gani a Hilux da yawa, faɗinta santimita 26 da rabi ne, don haka roba ta kai 32 ko 33, ta zarce ta kowane gefe. Wanda ya sa rim mai fitowa waje ya auna daga gefen tayar na waje, kada ya bi bakin madigadi.

Sai irin robar. Busasshiyar filastik tana da kyan gani a shago, amma zafin ranar Kano na watan Afrilu kan busar da ita, dutse ɗaya ya tsaga ta. Siririyar roba kuma da an kai gudun kilomita 70 ko 80 iska ke ɗaga ta ta kwanta baya, a daidai lokacin da ake buƙatarta. Abin da ya fi riƙe amana shi ne roba mai kaurin milimita 8 zuwa 10 mai zare a ciki, irin tsohon bel na injin masana'anta, wanda akan dace da shi a wajen masu kayan gwangwan ko a Ƙofar Ruwa. A duba gefen da aka yanka: in an ga layukan zare a tsakiya, ita ce. Idan duk da haka tana tashi, a ɗaura mata falan ƙarfe a bakin ƙasa ya ba ta nauyi, amma kada ya yi yawa, don nauyin shi ma yana gajiyar da maɗauri a kan hanya mai gargada.

Wajen ɗauri, roba ba ta tsinkewa daga tsakiya, daga ramin noti take yagewa. A matse samanta tsakanin falan ƙarfe biyu masu kaurin milimita 3, a sa bol mai kaurin milimita 8 guda huɗu, da wosha mai faɗi da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. Ƙusa mai cin kanta da ake murɗawa cikin filastik ɗin madigadi ba ta ɗaukar roba mai nauyi. A nemi ramukan da kamfani ya riga ya huda a yi birakit a kansu. Walda a jikin shasi ko a kan ƙarfen ja abin gudu ne, domin zafin walda na raunana ƙarfen da ke riƙe da tirela gaba ɗaya, kuma babu robar da ta kai wannan kasada.

A lura da bakin salansa. Mota mai ja injinta na aiki fiye da kullum, hayaƙinta ya fi zafi, kuma robar da ke saitinsa za ta narke ko ta ƙone. A kauce masa da aƙalla tsawon tafin hannu, ko a yanke gurbi a lulluɓe shi da falle na ƙarfe. Roba guda mai cin faɗin mota duka ta fi kowacce wannan matsala, ga tare iska, shi ya sa muka fi son guda biyu da fili a tsakani. Bayan tafiyar farko da lodi a sake ɗaure notuna, a duba bakin robar: idan ya goge ya yi sheƙi, tana taɓa ƙasa, a rage mata santimita 2.