Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Shekara Bakwai Ina Riƙe da Waigi

A makon jiya na tsaya a inda Kawu ya kama hannuna bayan sallar asuba muka nufi tasha. Masu tambayar yadda aka ƙare da rigimar gonar Baba su ƙara haƙuri, zan zo kanta. Yau maganar Maigida, direban da ya koya mini mota a tashar Daura, ce ta tsaya mini a rai, ita zan fara saukewa.

Shekarar 1983 ce, kaka ta yi, ina ɗan shekara goma sha biyar. Muka tarar da shi a kan benci yana shan koko, hularsa a gwiwa. Bayan sun gaisa Kawu ya ce, "Ga amana na kawo maka. Ba kuɗi muke nema ba, abin yi muke so ya koya." Maigida bai ko tambayi sunana ba. Ya nuna wani guntun gungume da aka sassaƙe, yana tokare da tayar baya, ya ce in ɗauko. Na ɗauko. Ya ce, "Wannan shi ne waigi. Shi ne sitiyarinka har ranar da na ce ya isa."

Motar Hayis ce fara, ta sha jiki, birkin hannunta ya daɗe da mutuwa. Duk inda za mu tsaya, ko a Kazaure ko a bakin kasuwar Mai'aduwa, kafin ta gama tsayawa na dira na cusa waigi. In za a tashi kuma ya ɗan motsa ta, in zare, in bi ta da gudu in ɗafe ƙofa. Mutanen gari karen mota suke ce mana. Mu a tasha yaran mota ne, kuma har gobe ba na son wancan sunan.

Aikin ba waigi kaɗai ba ne. Kafin assalatu na wanke mota. In zaro sandar baƙin mai in goge, in mayar, in sake zarowa in duba. In leƙa ruwan lagireto tun injin na da sanyi, don wanda ya taɓa buɗe murfin da zafi ya san abin da tafasasshen ruwa ke yi wa fuska. In bi tayoyi har da safaya ina ƙwanƙwasawa da sifana, mai cikakkiyar iska ta amsa tas, mai sacewa ta yi dum. Sannan a shiga lodi: "Kano! Kano! Saura mutum biyu!" Ɗaurin kaya ma karatu ne mai zaman kansa. Buhun gero a ƙasa, saitin tayoyi, kwanduna da kaji a sama. In ka jibga nauyi gefe guda, a kwanar farko mota za ta gaya maka. Albashi babu. Abinci ne, sai ɗan na sabulu ranar da aka yi ciniki, kwana kuma a kujerar baya saboda ɓarayin batir.

Amma ya koya mini, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Injin Hayis a ƙarƙashin kujerar gaba yake, to idan fasinja sun yi ƙaranci a hanyar dawowa sai ya ce in dawo tsakiya in zauna a kansa, zafi na gasa ni. Ya kashe rediyo. "Me ka ji?" In ce ban ji komai ba, Maigida. Sai ranƙwashi. "Mota da kunne ake tuƙa ta, ido ɗan rakiya ne." Kullum maganarsa ke nan. Sannu a hankali kunnen ya buɗe. Na gane tsuwwar fanbel idan ya saki, musamman da sanyin safiya. Na gane gurnanin boris, wanda ke ƙaruwa in an ƙara gudu, ya sauya murya in an karya kwana. Na gane in filogi ɗaya ya daina ci, injin ya riƙa ɗingishi kamar jakin da ƙaya ta soka. Ranar gyaran birki ni ne a kujera, shi yana kwance a ƙasa da sifana: "Buga! Buga! Riƙe!" In danne, ya sassauta noti, iska ta fito tare da man birki, ya ɗaure, a sake, taya bayan taya, har sai birkin ya yi tauri a ƙafa. Na shekara biyu ina taka birkin motar da ke tsaye kafin ƙafata ta taɓa totur.

Shi tun ana tuƙi a hannun hagu ya fara. Ba ya gajiya da labarin 1972, lokacin da gwamnatin Gowon ta mayar da ƙasar nan hannun dama, yadda manyan direbobi suka riƙa rikicewa a shataletale. Ya ce shi ko fenti bai goge wa kowa ba, kuma na yarda, don a shekara bakwai ban taɓa ganin ya taka ko kaza ba.

Kwanan baya na bi ta gaban jami'ar sufurin nan ta Daura, wadda Buhari ya aza harsashinta a Disambar 2019, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. Autana ya kafe can yake so, saboda layin dogon da ake ja daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi. Na rage gudu ina kallon gine-ginen. Abin da ya faɗo mini shi ne, duk yaron da ya shiga can ya san ranar shigarsa, ya san ranar fitarsa. Ni ranar shiga kawai na sani.

Ga yadda al'adar tasha take, don yaran yanzu su ji. Idan yaro ya goge, ubangidansa ne ke kai shi a yi masa lasin. Shi zai tsayar da shi gaban shugabannin ƙungiyar direbobi, a raba goro, a yi addu'a, ya ce, "Na yaye shi." Shi zai je wurin mai mota ya ce a ba wane, ni na tsaya masa. Babu takarda, babu hatimi. Bakin ubangida shi ne shaidar. In ya buɗe ka zama direba, in ya rufe kana nan da waiginka ko gemu ya cika maka fuska.

Ran 23 ga Satumba 1987 aka cire Katsina daga jihar Kaduna. Nan da nan hanyar Daura zuwa Katsina ta Mashi ta tashi, ma'aikata, 'yan kwangila, masu neman aiki, kowa Katsina. Maigida ya samu buɗi ya sayo mota ta biyu, Fijo 504 doguwa, haɗin Kaduna. Lokacin na shekara huɗu a hannunsa. Ni ke jan Hayis daga wurin wanki zuwa layi, kuma in dare ya yi ya gaji yakan sakar mini sitiyari daga Kazaure har gida, shi yana gyangyaɗi. Duk tasha ta san Fijon nan tawa ce. 'Yan kamasho har sun fara ce mini direba. Ni na wanke ta ranar da aka kawo ta, ni na cire ledar kujerun.

Washegari ya miƙa makulli ga ƙanen amaryarsa, yaron da wata takwas ke nan da zuwansa tasha.

A gabana aka yi. Ina tsaye da bokiti. Bai dube ni ba, sai da yaron ya ja motar tana tsalle saboda bai iya sakin kuloci ba, sannan ya juyo ya ce, "Kai kunnenka bai gama nuna ba." Kunnen da yake dogara da shi ya yi barci a hanyar Kazaure! In da gaske da kunne ake tuƙa mota, wane kunne yaron nan yake da shi? Wata shida ba a cika ba ya ƙona injin, ya yi ta gudu babu ruwa a lagireto, allura ta hau ja bai duba ba, ƙarar da injin ke yi kuma bai ji ba. Yana nan da ransa, kuma na san 'ya'yansa na karanta wannan. Ban ƙara ko wasali ba.

Na haɗiye na ƙara shekara uku, saboda Kawu ya ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra, hanya ta fara tsanani, tuƙi babu lasin ya zama neman fitina. A shekarar ce kuma gwamnatin Babangida ta fito da shirin manyan motocin jigilar jama'a, aka fara jin direba da albashin wata. Inna ta sayar da tunkiyarta biyu na yi lasin da kaina, ba tare da sanin Maigida ba. Da na ji wani attajiri ya zubo sababbin bas a Katsina yana ɗaukar direbobi, na sa rigata ta salla na tafi. Wani akawu ya karɓi lasin ya jujjuya, ya ce ina takardar inda na koya, ko wasiƙar wanda na yi wa aiki. Na ce shekarata kusan bakwai a mota, a ba ni makulli a gani. Ya ce, "Malam, ina shaida?" Na dawo Daura na durƙusa gaban Maigida na roƙe shi ko layi biyu a rubuta, ko ya raka ni ya yi magana. Ya ce direban kirki ba ya yawo da takarda. Bai je ba.

Daga baya ne na san ashe tun 1986 akwai cibiyar koyar da harkar sufuri a Zariya. Sau nawa na ratsa Zariya, ba wanda ya taɓa ce mini irinmu na da wurin karatu.

Shekara ashirin da wani abu na yi ina jan motocin mutane bayan nan, Kano, Kaduna, Legas, kafin in mallaki tawa. Lokacin da ciwon ajali ya kwantar da Maigida na je gaishe shi. Yana kwance a soro, idon ya tafi. Ban gama sallama ba ya ce, "Kai ne da motar nan da ta tsaya yanzu? Boris ɗin gaba na dama ya kusa." Da na kai gareji haka aka tarar. Mun yi hira mai tsawo ranar. Bai ta da maganar Fijo ba, ni ma ban tayar ba, kuma har yau ina jin da na tambaye shi dalili.

Maganarsa ta kunne ina faɗa wa yarana, amma ba na tsayawa a nan. Motocin yanzu sai an jona musu kwamfuta suke faɗin ciwonsu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ake ta mayar da motocin haya masu amfani da gas, kuma tukunyar gas ba abin da za a koya da ranƙwashi ba ce, sai an zauna a aji an san ƙa'idarta. Yara huɗu na yaye da hannuna. Kowanne ranar da ya zo na gaya wa ubansa shekara uku ce, a gaban shaidu. Ranar yaye kuma na sa a rubuta takarda, ranar shiga da ranar fita da abin da ya iya, in sa hannu, dattawan tasha biyu su sa. Ɗaya daga cikinsu da ita ya samu aikin jan motar asibiti.

Na koma 1990. Ranar wata Alhamis muka dawo daga Kano bayan isha'i. Na dira na cusa waigi kamar kullum, na sauke kaya, na ƙirga masa kuɗin mota har sisin kwabo, na share ciki. Sannan na ce, "Maigida, gobe ba zan fito ba." Ya daɗe yana kallon kuɗin da ke hannunsa. Ya zaro naira ashirin ya miƙo mini, ya ce in gaida Kawu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda Kawu ya karɓi maganar, da wata tara da na yi ina kamasho a Katsina kafin wani ya yarda ya ba ni makulli.