Talata: Taurari a Ƙwaƙwalwar Ɓera

Da tunanin firji na farka yau. Jiya da la'asar na ɗiga antibodin GFAP, wato sinadarin da ke gano wani furotin na ƙwaƙwalwa mai suna GFAP, a kan siraran yankan ƙwaƙwalwar ɓeraye, na bar su su kwana a sanyin digiri 4. A zafin Afrilu na Sakkwato, in wuta ta ɗauke da dare, aikin wata guda ya bi ruwa. 'Yar kwalbar antibodin kuwa ba ta kai ɗan yatsa ba, amma da dala aka saye ta, cikin ƙanƙara ta iso. Alhamdulillahi, sola ta riƙe.

Hantsi duk a wanki ya tafi: a wanke, a jira, a sake wankewa. Antibodin farko daga jinin zomo aka samo shi, shi ke neman furotin ɗin ya manne masa. Na biyu na akuya ne, yana bin na zomon ya kama. Da na zuba DAB, sinadarin da ke fito da launi, wuraren da suka kama suka rine ruwan ƙasa.

Bayan azahar na leƙa maikuroskof. Tubarkalla! A hifokamfos, sashen ƙwaƙwalwa mai taimaka wa tuna abubuwa, ƙwayoyin astirosait, masu siffar taurari da ke tallafa wa ƙwayoyin jijiya, sun fito ɓaro-ɓaro, kowacce da hannuwa sirara ta ko'ina. Wata ta miƙa hannu ɗaya har jikin ƙaramar jijiyar jini, ta dafe ta. Na daɗe a kanta. Gilashin da ban sa wa antibodin farko ba ya fito fes, sai shuɗin rinin hematoksilin, alamar launin namu ba na bogi ba ne.

Nan ƙanwarmu ta ɗakin gwaji ta hau murna: "Yaya, a ɓerayen da aka ji wa rauni ƙwayoyin sun ninka!" Na ce mata a bi a hankali. A ɓawon ƙwaƙwalwa mai lafiya, astirosait da yawa suna nan zaune, GFAP ɗinsu ne bai kai a gani ba. Rauni na zuwa sai su ƙara yin sa, su bayyana. Wanda ya ƙirga zai ce sun hayayyafa, alhali wasu tun da can suna wurin. Ko asalin furotin ɗin ma, daga tabon ƙwaƙwalwar masu cutar MS, mai lalata rigar jijiyoyi, masanin kimiyya Lawrence Eng ya tsamo shi a Amurka a 1969. Kuma manyan rassan astirosait kawai GFAP yake nunawa. Wani bincike na 2002 ya ƙiyasta kusan kashi 15 cikin ɗari na jikin ƙwayar ke nan.

Malam ya zo ya duba, ya gyaɗa kai. Ya ce in ƙirga ake so da gaske, sai an haɗa da antibodin SOX9 ko ALDH1L1, wasu furotin na astirosait. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, wata kwalbar ke nan fa." Dariya kawai ya yi.

A kan kabu-kabu na koma gida, ni da mai tuƙin ba mai hular kwano. Tun 2018 Amurka ta amince da gwajin jini mai auna wannan GFAP ɗin tare da wani furotin mai suna UCH-L1 ga wanda ya bugu a ka, don a san ko yana buƙatar hoton CT na ƙwaƙwalwa. Na ce masa ya rage gudu, Allah ya kiyaye.